Wace manhaja ce za ta tsare min kwamfutar gida daga ƙwayoyin cuta?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar kwamfuta a wannan zaure. Kwamfuta guda ɗaya ce a gidana, ni ina rubuce-rubucen aiki da ita, uwargida tana ajiye hotuna, yara kuma suna aikin makaranta da wasanninsu a kanta. Kusan mako biyu ke nan da ta canza hali. Da zarar na kunna ta sai fankarta ta kama ƙara kamar za ta tashi sama alhali ban buɗe komai ba, idan kuma na shiga burauza sai ta kai ni wani shafin bincike da ban taɓa zaɓa ba, ga tallace-tallace suna leƙowa daga kusurwar allo ta ƙasa. Jiya na saka filashina sai na tarar duk foldodin da ke ciki sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya a gefe, in na latsa ɗaya sai wani baƙin akwati ya bayyana ya ɓace kafin foldar ta buɗe. Wace manhajar kashe ƙwayar cuta zan saya wadda za ta share wannan abu, ta kuma hana shi dawowa?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo batun saye, don Allah ka daina latsa waɗannan alamomi masu kibiya, kuma kada ka saka wannan filashi a wata kwamfutar. Foldodinka suna nan ba su ɓata ba, ƙwayar cutar ce ta ɓoye su ta ajiye nata alamomin a gurbinsu da sunaye iri ɗaya. Baƙin akwatin da kake gani yana walƙiya shi ne lokacin da take kunna kanta, sannan ta buɗe maka foldar ta gaskiya don kada ka yi zargin komai. Abin da nake so ka bincika shi ne ko akwai wanda ya saka wata sabuwar manhaja ko wasa a kwamfutar mako biyu ko uku da suka wuce, kuma daga ina ya samo ta. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya in yi wannan tambaya a ce min babu.

Baban Yara:
Na tambayi babban yarona. Da farko ya ce bai san komai ba, daga baya ya amsa cewa ya sauko da wata manhajar haɗa bidiyo da aka fasa, wadda ake amfani da ita ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Ya ce a cikin foldar akwai wata takarda da ta umarce shi ya kashe tsaron Windows tukuna kafin ya saka, wai don kada tsaron ya yi kuskuren goge ta. Ya kashe, ya saka, ya manta bai mayar ba. Na duba yanzu, har zuwa yau a kashe yake.

Injiniya:
To, Malam, ai ka sami bakin zaren. Da ɗan gari akan ci gari. Tsaron da ke cikin kwamfutar ya yi niyyar aikinsa, mai gida ne da hannunsa ya sallame shi, kuma duk manhajar da za ka saya, komai tsadarta, haka za ta kasance idan an kashe ta. Abin da ya fi damuna a labarinka ba tallace-tallacen ba ne, ba kuma filashin ba. Manhajojin da aka fasa suna daga cikin manyan hanyoyin da ake raba wani nau'in ƙwayar cuta mai satar bayanai, irin su RedLine da Lumma, wanda aikinsa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba: ya kwashe duk kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, da bayanan katin banki idan an taɓa adana su, da ƙananan fayilolin da shafuka ke ajiyewa don su tuna cewa ka riga ka shiga, ya aika wa mai shi. Da waɗannan ƙananan fayiloli ɓarawo yana iya shiga asusunka ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

Saboda haka ga tsarin da nake ba ka shawara ka bi. Ka fara cire kwamfutar daga intanet. Sannan ka ɗauki wata na'urar dabam da kake da tabbacin lafiyarta, kamar wayarka, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka kafin komai, domin ta imel ake dawo da sauran asusun duka, wanda ya riƙe shi ya riƙe sauran. Bayan imel sai banki, sai shafukan sada zumunta. A kowanne ka nemi wurin da ake fitar da duk na'urorin da suka shiga asusun ka latsa shi, ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa neman ƙarin shaida, kamar lambar da ke zuwa wayarka, bayan kalmar sirri. Kada ka canza kalmomin a kan kwamfutar da ta kamu, domin idan akwai mai naɗar abin da kake bugawa, sabuwar ma hannunsa za ta faɗa. Uwargida da yara su ma su yi haka, muddin sun taɓa shiga wani asusu a wannan kwamfuta. Ƙarar fankar kuwa, mai yiwuwa wata manhaja ce ke amfani da ƙarfin kwamfutarka tana haƙo wa wani kuɗin kirifto.

Dattijo:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma bai amsa tambayar da bawan Allah ya yi ba. Ni dai fiye da shekara goma sha biyar ke nan ina biyan kuɗin manhajar tsaro duk shekara, kuma ban taɓa kamuwa ba. Abin da aka ba ka kyauta ba zai taɓa kai wanda ka biya ba. A zamaninmu kowa ya san tsaron da ke zuwa da Windows ba abin dogaro ba ne.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a zamaninta. A lokacin Windows XP babu wata manhajar kashe ƙwayar cuta da ke zuwa da tsarin, dole mutum ya nemo tasa. Daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, Microsoft ya fara haɗa cikakkiyar manhajar tsaro a ciki, ita ce yau ake kira Microsoft Defender, kuma gaskiya a shekarunta na farko tana baya a gwaje-gwaje. Abin ya canza. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji a kai a kai suna buga sakamako kowa ya gani, AV-TEST da ke Jamus da AV-Comparatives da ke Ostiriya, kuma a shekarun baya-bayan nan Defender tana fitowa a sahu ɗaya da waɗanda ake saye wajen kama ƙwayoyin cuta. Ban ce wadda kake biya ba ta da amfani ba. Sau da yawa tana zuwa da ƙarin abubuwa, kamar ma'ajiyar kalmomin sirri da hanyar sa ido kan abin da yara ke buɗewa, wanda yake bukatarsu ya saya. Sai dai ina kyautata zaton abin da ya tsare ka shekara goma sha biyar shi ne halinka na rashin latsa duk abin da ka gani, manhajar ta taimaka ne kawai.

Akwai kuma abin lura game da na kyauta da ake saukowa da su daga wasu kamfanoni. A 2024 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. Manhajar tsaro tana ganin komai a kwamfutarka, don haka zaɓenta batu ne na amana.

Ƙaramin Ɗalibi:
Yayyena, ni ina da tambaya. Idan ɗaya tana iya kuskure, me zai hana mutum ya saka biyu ko uku lokaci guda, abin da ya kuɓuce wa wannan waccan ta kama?

Mai Gyara:
Ƙanina, kada ka yi haka. Kowace daga cikinsu tana so ita ce za ta fara duba duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su riƙa karo da juna, wani lokaci ɗaya ta ɗauki ɗayar a matsayin ƙwayar cuta, kwamfuta ta yi nauyi ta riƙa sandarewa. Shi ya sa Defender da kanta take janyewa idan ka saka wata. Hatsarin da nake yawan gani shi ne na kwamfutar da aka saya da manhajar gwaji ta wata ɗaya ko uku a ciki, wa'adin ya ƙare tun tuni, mai ita yana ganin alamarta a ƙasan allo yana zaton yana da tsaro. Idan kana son ra'ayi na biyu, akwai manhajojin da ake kunnawa su yi bincike sau ɗaya a rufe su, kamar Malwarebytes na kyauta, wannan ba ya karo da kowa. Idan kuma fayil guda ne kake shakka, shafin VirusTotal yana gwada shi da manhajojin tsaro fiye da 60 a lokaci ɗaya. Amma kada ka ɗora takardar sirri a can, domin abin da aka ɗora masu binciken tsaro suna iya samunsa.

Dattijo:
Na ji, na kuma karɓi rabi. Amma akwai abin da ban yarda da shi ba, wato wannan sabuntawar da Windows ke tilasta wa mutum. Kana tsakiyar aiki sai ta ce za ta sake kunna kanta. Akwai lokacin da ta sabunta, na'urar buga takarduna ta daina aiki kwana uku. Tun daga ranar na dakatar da ita. Tunda ina da manhajar tsaro, me sabuntawa za ta ƙara min?

Injiniya:
Baba, a nan kam zan saɓa maka da ƙarfi, ka yi min afuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawa kuwa ita ce liƙe tsagar. Manhajar tsaro tana ƙoƙarin gane ɓarawo ne bayan ya shigo ko yana bakin shiga, ita kuma sabuntawa tana toshe hanyar da zai bi tun farko.

Misalin da ya fi kowanne bayyana wannan shi ne WannaCry. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a tsarin da kwamfutocin Windows ke bi wajen musayar fayiloli da junansu. Ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan haka, wannan ƙwayar cuta ta ɓarke ta wannan ɓarakar, ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Birtaniya suna cikin waɗanda abin ya shafa, har aka soke ganin marasa lafiya da dama. Abin da ya bambanta ta da irin wadda ta kama Baban Yara shi ne ba ta bukatar kowa ya latsa komai, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Wani matashi ɗan Birtaniya mai binciken tsaro, Marcus Hutchins, shi ya rage mata gudu bayan ya yi rajistar wani adireshin intanet da ya gani a cikinta. Duk wanda ya karɓi gyaran watan Maris wannan hanya a toshe take a wurinsa. Maganin yana nan wata biyu, mutane ne ba su sha ba.

Game da katse aiki, Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma a cikin saitin Windows akwai wurin da za ka faɗa mata sa'o'in da kake aiki don kada ta sake kunna kanta a cikinsu. Ana kuma iya jinkirta sabuntawa na 'yan kwanaki. Jinkirtawa dabam, dakatarwa baki ɗaya dabam. Wannan bai tsaya ga Windows ba, burauza da manhajar karanta takardu da ita kanta rautar da ke raba intanet a gida duk suna bukata.

Ƙaramin Ɗalibi:
Amma Yaya, na karanta cewa akwai lokacin da sabuntawar ce da kanta ta kawo cutar.

Injiniya:
Haka ne, kuma a wannan shekarar ta 2017 abin ya faru sau biyu. A watan Yuni ƙwayar NotPetya ta yaɗu ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji da ake amfani da ita a Yukren, ta durƙusar da manyan kamfanoni har da Maersk na jiragen ruwa. A watan Satumba kuma aka gano cewa an cusa mugun abu a cikin CCleaner, wata manhajar share tarkacen kwamfuta, mutane fiye da miliyan biyu suka sauke gurɓataccen kwafin daga hanyar da ta dace. Ba zan ɓoye wannan ba. Sai dai irin wannan hari yana da wahalar shiryawa kuma ba kullum ake ganinsa ba, alhali kwamfutar da ba a sabuntawa kullum a buɗe take ga duk mai wucewa. Darasin da na ɗauka daga CCleaner shi ne rage yawan manhajojin da ke kwamfuta, domin kowace ƙarin ƙofa ce. Wanda ba ka amfani da ita, cire ta.

Tunda an zo nan, kowa ya duba wane Windows yake da shi. An daina gyara Windows XP tun Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun Janairu 2020. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Duk ɓarakar da aka gano a tsarin da aka daina gyarawa, haka za ta zauna a buɗe. Idan kwamfutar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, gara a saka mata wani tsarin dabam mai suna Linux, irin su Mint ko Ubuntu, da a bar ta a intanet da tsohon tsari.

Malama:
Sallama gare ku. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, kuma shi ne ya taɓa cin ni. Shekaru kaɗan da suka wuce na sami imel da ke cewa ga takardar kuɗin wani kaya da aka aiko min. A lokacin da gaske ina jiran saƙo, don haka ban yi tunani sau biyu ba. Na buɗe takardar, ta nuna rubutu a hargitse da wani saƙo a sama cewa in latsa in ba da izini don ya fito daidai. Na latsa, ban ga komai ba, na ci gaba da harkokina. Washegari da safe na kunna kwamfuta na tarar kowane hoto da kowace takarda an ƙara wa sunanta wasu haruffa a ƙarshe, babu wadda ke buɗewa, kuma a cikin kowace folda akwai takarda guda da ke bayanin yadda zan biya fansa. Hotunan yarana tun suna jarirai, da darussan da na shekara shida ina tarawa, duk suna ciki.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ina da faifan ajiya na waje, kuma ina kwafe komai a cikinsa. Sai dai kullum a jone yake da kwamfutar don kada in manta, saboda haka shi ma aka kulle shi tare da sauran. Ban biya ba. Abin da na tsira da shi kawai shi ne hotunan da na taɓa aika wa 'yar uwata da wasu darussa da ke cikin imel. An share ƙwayar cutar cikin awa guda, amma sharewar ba ta buɗe fayil ko ɗaya ba. Don haka, Baban Yara, kafin ka kashe kuɗi a kan manhaja, ina ganin faifan ajiya ya fi cancanta, a kwafa a cire shi a ajiye a aljihun tebur. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Gyara:
Allah ya mayar da alheri, Malama. Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da kake jin zafin rasawa, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kwamfutar take. Ga mai gida wannan yana nufin kwamfutar kanta, da faifan da ake cirewa, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive ko OneDrive. Sai a kula, ma'ajiyar intanet mai kwafe kowane canji nan take za ta kwafe fayil ɗin da aka kulle shi ma, abin da ke ceto shi ne tana riƙe tsofaffin kwafi na wani ɗan lokaci, don haka a yi hanzari. Kuma lokaci-lokaci a buɗe faifan a gwada fayil ɗaya ko biyu, na sha ganin wanda ya zo da faifan da ya shekara yana dogaro da shi ashe babu komai a ciki. Idan har yanzu kina da fayilolin da aka kulle, kada ki goge su. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana raba mabuɗan wasu nau'o'in kyauta idan an kama masu su ko an gano kuskure a aikinsu.

Irin takardar da ta kama ki, tun 2022 Microsoft ya fara toshe ƙananan umarnin da ake kira macro, waɗanda irin izinin da kika bayar ke kunnawa, a takardun Office da aka sauko da su daga intanet. Ɓarayin sai suka canza salo. Wanda nake yawan gani yanzu shi ne shafi ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ya umarce ka ka danna maɓallin Windows tare da R, ka liƙa wani rubutu, ka danna maɓallin Enter. Babu wani shafin kirki da zai taɓa neman haka. Haka nan saƙon da ke cika allo yana ƙara yana cewa kwamfutarka ta kamu, ka kira wata lamba: shafi ne kawai a burauza, rufe shi.

Dattijo:
Wannan ya tuna min da ƙwayar da ake kira ILOVEYOU, a watan Mayu na 2000, wadda ta fito daga Filifin. Muna aiki a lokacin. Saƙo ne ke zuwa daga wanda ka sani, da abin da ya yi kama da wasiƙa a maƙale. Sunan fayil ɗin yana ƙarewa da .txt.vbs, amma Windows yana ɓoye ɓangaren ƙarshe, sai mutum ya ga .txt ya ɗauka rubutu ne. Da ka buɗe sai ta aika kanta ga duk wanda ke cikin littafin adireshinka. Shekara ashirin da wani abu, kuma na ga har yau Windows yana ɓoye wannan ƙarshen suna sai ka je ka ce ya nuna. Ni tun lokacin nake kunna shi a duk kwamfutar da na taɓa. Hoto ko takarda da ta ƙare da .exe ko .scr ko .vbs ba hoto ba ce.

Ƙaramin Ɗalibi:
Duk na fahimta. Sai dai a yi wa yaron Baban Yara adalci. Ɗalibi yana bukatar manhaja don koyo, kuɗin lasisi kuma ya fi ƙarfinsa. Mu da yawa da fasassun muka koya, kuma ba duka ke ɗauke da cuta ba. Wani lokaci tsaron ne ke ƙarya a kansu.

Injiniya:
Gaskiya ne ba duka ba, kuma gaskiya ne tsaro yakan yi kuka a kan kayan fasa lasisi ko da babu wani abu a ciki. Matsalar ita ce ba ka da hanyar rarrabewa. Mai gaskiya da maƙaryaci magana ɗaya suke faɗa maka, wato kashe tsaro ka ba ni cikakken izini. Ka tambayi kanka me wanda ya ɓata kwanaki yana fasa manhaja, ya biya kuɗin shafi, ya tallata ta a bidiyo, yake samu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga ɗalibi akwai hanyoyin da ba sai an kashe komai ba: LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP don hoto, Shotcut ko Kdenlive don bidiyo, kuma DaVinci Resolve yana da kwafin kyauta da ƙwararru ma suke aiki da shi. Sharaɗi shi ne a sauko da su daga shafin masu su, a kuma lura da sakamakon farko a shafin bincike, domin wani lokaci talla ce ta jabun shafi mai kama da na gaskiya.

Ga Baban Yara kuma, laifin bai tsaya kan yaro ba. Ina zaton asusu ɗaya kuke shiga da shi gaba ɗaya, kuma na mai cikakken iko ne. Ka buɗe wa kowa nasa asusun na talakawan masu amfani, kai kaɗai ka riƙe kalmar sirrin mai iko. Da haka ne, da yaron ya zo kashe tsaro sai kwamfuta ta nemi kalmar da ba shi da ita, dole ya zo wurinka. Kai ma ka riƙa aikin yau da kullum a ƙaramin asusu.

Baban Yara:
Zatonka daidai ne, asusu ɗaya ne, ko kalmar sirri ba shi da ita. Na canza kalmomin imel da banki daga waya kamar yadda ka ce, kuma a jerin na'urorin da suka shiga imel ɗina na ga wata da ban sani ba, daga wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, kwana tara da suka wuce. Na fitar da ita. Na kunna Defender, na yi binciken da take yi kafin Windows ya tashi, ta kama abubuwa bakwai ta cire. Fankar ta yi shiru. Yanzu shi ke nan, ko da sauran aiki?

Dattijo:
Tunda ta kama ta cire, kuma kwamfuta ta dawo hayyacinta, ni ina ganin ya wadatar. A sake bincike bayan mako guda.

Mai Gyara:
Baba, da tallace-tallace ne kawai da na yarda. Amma abin da ya zauna mako biyu da cikakken iko, tsaro a kashe, har aka shiga imel, ba wanda zai iya rantsuwa cewa bakwai ɗin nan su ne duka. Irin waɗannan sukan saka kansu cikin jerin abubuwan da tsaro zai tsallake, su bar wani ɗan aiki da zai sake sauko da su daga baya. Shawarata, Malam, ka kwashe takardu da hotuna kawai zuwa faifai, ban da kowace manhaja, ka sauko da Windows daga shafin Microsoft a wata kwamfutar mai lafiya, ka goge wannan gaba ɗaya ka saka sabo. Aikin yini guda ne. Kafin ka mayar da fayilolin ka bari sabuntawa ta gama, sannan ka binciki faifan. Ka duba imel ɗin kuma ko an saka umarnin tura kwafin saƙonninka zuwa wani adireshi, ko an canza lambar wayar da ake dawo da asusu da ita, domin canza kalmar sirri ba ya cire waɗannan. Bankinka ma ka sanar da su idan ka taɓa adana kati a burauza.

Baban Yara:
Na duba, babu umarnin turawa, lambar kuma tawa ce. Zan goge ta ranar hutun ƙarshen mako, kuma yaron ne zai zauna kusa da ni mu yi tare, don ya ga abin da fasasshiyar manhajarsa ta jawo. Saura filashin. Akwai takardun aiki a ciki da ba ni da su a wani wuri.

Mai Gyara:
Ka jira sai sabon Windows ya gama sabuntawa kuma tsaro yana kunne. Ka saka filashin, kada ka buɗe komai, ka latsa shi da maɓallin dama ka zaɓi bincike. Bayan an cire abin da aka kama, ka shiga saitin foldodi ka ce a nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda tsarin ke karewa, za ka ga foldodinka na gaskiya sun fito a dishi-dishi. Ka kwafe takardun da ke cikinsu zuwa kwamfuta, ka bar duk mai kibiya da duk fayil ɗin da ba ka san shi ba, sannan ka goge filashin baki ɗaya kafin ka mayar da su. Ka tuna kuma da duk kwamfutar da ka saka shi a cikinta a makonni biyun nan, ka gaya wa masu su su bincika tasu, in ba haka ba ranar da ka sake kai shi can zai dawo maka da ita.